Motar Marigayi Ta Je Biko

Duk wanda ya daɗe a Wudil ya san jar motar marigayi Alhaji Abdulbaƙi. Gajeriya ce mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, irin motocin tsere na da waɗanda ba sa ɗaukar fiye da mutum biyu. Alhaji ya saye ta ne a hannun wani injiniya Bature da ya gama aikinsa zai koma gida, kuma ya riƙe ta har ya bar duniya ba ta taɓa damun kowa ba. Idan ta taho daga gada, sai ta zo dab da mutum kafin ya ji ta. Masu sayar da kifi a bakin titi sukan ce in ba don jan fentinta ba, da sau da yawa Alhaji ya wuce ba su ɗaga masa hannu ba.

Da aka raba gado, motar ta faɗo a rabon ɗansa Halliru, mai shagon taya da batir a bakin hanya. Halliru ya gaji motar, ya gaji tsayin mahaifinsa da irin karin hularsa, amma bai gaji shirunsa ba. Mutum ne da in ya ci abinci a gidansa sai majalisa ta san da wace miya. In ya yi sadaka sai an ji, in ya yi zazzaɓi sai an san yawan ƙwayoyin da ya haɗiya. Ba mugu ba ne. Shi dai a wurinsa abin da mutane ba su ji ba kamar bai faru ba ne.

Wannan hali ne ya fitar da matarsa Khaulat daga gidan. Khaulat 'yar Malam Ɗantani ce, wani dattijon manomi a Kausani wanda ya yi abota da marigayi tun suna samari. Bayan 'yarsu Radiyya ta fara tafiya, Khaulat ta sake samun ciki, cikin bai zauna ba. Ta roƙi mijinta kada ya faɗa wa kowa, domin ko mahaifiyarta ba ta so ta sani tukuna. Ya yi mata alkawari. Ba a daɗe ba ta je wani suna a unguwa, wata mata da ko sunanta ba ta sani ba ta riƙe hannunta tana yi mata jaje, har tana maimaita mata maganganun da ta yi tana kuka a ɗakinta. Mijin matar ne ya jiyo a shagon taya. Khaulat ta tashi ta bar wajen sunan. Ta dawo gida, ta goya Radiyya, ta ɗauki jaka ɗaya, ta hau mota zuwa Kausani.

Malam Ɗantani bai yi faɗa ba, bai kuma aika wa kowa ba. Abin da ya fara yi shi ne rufa wa 'yarsa asiri. A masallaci da gona da wajen mai shayi, duk wanda ya tambaya sai ya ce Khaulat ta zo jinyar mahaifiyarta ne, ƙafarta ta matsa mata. Da ma ƙafar takan kumbura, saboda haka maganar ta zauna. Tsohuwar ma ta taimaka, ta riƙa dogara sanda in za ta fita ko da ƙafar ta lafa. Haka mutanen Kausani suka karɓi zancen, kuma Khaulat tana iya zuwa rijiya ko gidan biki ba wanda zai bi ta da ido.

Wadda ta yi ta zirga-zirga a tsakani ita ce Rahinatu, yayar Halliru. Ta je, ta dawo, ta sake komawa, ta sha kunya a madadin ƙanenta, har Allah ya sa Khaulat ta sauko. Rannan Rahinatu ta zo gidan Halliru, ta zaunar da shi, ta yi masa bayani dalla-dalla kamar mai karanta wa yaro wasiƙa. Khaulat ta yarda za ta dawo, amma da sharaɗi. Zai zo shi kaɗai, bayan la'asar, ba tare da ya gaya wa kowa ba. Kuma a motar Baba zai zo.

Ta ma faɗa masa dalilin. Shekara da shekaru motar tana tsayawa a ƙofar gidan Malam Ɗantani, ta zo shiru ta tafi shiru, har yaran garin sun daina kallonta. Duk wanda ya gan ta zai ce ɗan Alhaji ne ya zo duba surukarsa, ya ga ta samu sauƙi, ya tafi da iyalinsa. Ba wanda zai san an yi yaji, ba wanda zai san an yi biko.

Cikin duk wannan bayani, kalma biyu kawai suka shiga kunnen Halliru: motar Baba. Ya gyara zama, ya yi murmushi, ya ce ashe dai ta san abin da ta baro.

"Halliru, ka ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji, Yaya. Motar take so ta gani."

"Shirun take so ta gani. In ka ɓata wannan, wallahi ƙafata ba za ta sake taka Kausani a kanka ba."

Ya ce ta kwantar da hankalinta, shi ba yaro ba ne.

Washegari ya fito da motar, ya sa aka wanke ta a gaban shago, ya tayar da ita yana sauraro. Akwai wasu samari da kan zauna a bencinsa, masu yini suna kallon motoci a waya. Ɗaya daga cikinsu ya karkata kai ya ce wannan ai kukan keken ɗinki take yi. Wani ya nuno masa irinta sak a waya, tana gudu a wata ƙasa, tana ruri kamar hadari ya taso. Suka ce haka aka ƙera ta ta yi, abin da ya shaƙe mata murya shi ne katalis, kuma duk mai irin wannan mota da ya san kansa cire shi yake yi. Halliru ya kalli ta wayar, ya kalli tasa, sai ya ji kamar shekara da shekaru ana cutarsa bai sani ba. Ya tuna zai shiga Kausani, garin surukai, a motar da take kuka kamar keken ɗinki. A ransa ya ce mace ba ta komawa gidan mijin da ya zo a ɓoye kamar mai bin bashi.

Shi wannan katalis wani tulu ne na ƙarfe da ke ƙarƙashin mota, a jikin bututun hayaƙi, tsakanin inji da salansa. Cikinsa wani abu ne mai ƙananan huji kamar saƙar zuma, shi ya sa makanikai ke kiransa indomi. Aikinsa shi ne ya tace hayaƙin da ke fitowa daga inji, ya rage masa guba da wari, ya kuma ɗan sassauta ƙara. Yana nan a maƙale tun ranar da aka ƙera motar, yana aikinsa, marigayi bai taɓa sanin da shi ba.

Ranar da aka sa masa ya je Kausani, da hantsi, Halliru ya kai motar wurin Gwadabe mai walda, a bayan tasha, ƙarƙashin wata darbejiya. Gwadabe mutum ne mai fara'a da daɗin baki, kuma tun da ya buɗe wurin ba a taɓa kawo masa motar da katalis ɗinta yake da lafiya ba. Ko taya ce ta yi faci, in ya leƙa ƙasa sai ya girgiza kai ya ce indomi ya toshe. Akwai masu zuwa daga Kano suna sayen abin, wannan kowa a bayan tasha ya sani, ban da masu motoci.

Da ya ga jar motar ta shigo, Gwadabe ya ajiye abin da yake yi, ya taso da gudu yana kiran Halliru magajin Alhaji. Ya kwanta ya leƙa, ya ƙwanƙwasa tulun da sifana, ya fito yana salati. Ya ce mamakinsa shi ne yadda motar nan ta kai yau da ranta. Ya ce an ɗaure doki ne da igiyar jaki. Halliru ya ce da ma ya zargi haka.

Aka hau da ita kan rami. Notunan sun ci tsatsa, sun ƙi juyawa, Gwadabe ya zuba musu baƙin mai, ya doka, suka ƙi. Ya jawo wutar gas ya yanke bututun ta gaba, ya yanke ta baya, tulun ya faɗo a hannunsa yana tururi. Bai miƙa wa mai motar ba, ya tura shi da ƙafa ƙarƙashin benci. Sannan ya zaro wani guntun bututu daga cikin tarkace, ya gwada, ya rage, ya liƙe shi a gurbin da walda.

Yana cikin waldar ne ya tambaya, ina za a je haka ake wannan shiri.

Halliru ya ce magana ce ta sirri, an hana shi faɗa. Sai dai maganar ta ƙi zama a cikinsa. Ya ce amma shi Gwadabe ai na gida ne. Sai ya rage murya, irin ragewar da har mai faci na gefe yana ji, ya ce bikon iyalinsa zai je Kausani, ita da kanta ta aiko ta ce lallai a wannan motar take so a ɗauko ta. 'Yan acaɓa da ke hutawa a inuwar darbejiyar suka matso. Ganin an matso, Halliru ya ƙara bayani, har da abin da ya sa ta tafi.

Aka tayar da mota. Muryarta ta canza, ta yi kaushi, tana karkarwa kamar gwangwani. Halliru ya saurara, ya ce ba ta kai ta wayar ba. Gwadabe ya ce sauran aikin na salansa ne, ya koma rami, ya buɗe tukunyar salansar, ya zazzage abin da ke ciki, ya mayar ya liƙe. Wannan karon da aka taka mai sai da tattabarun tasha suka tashi gaba ɗaya. Wani hayaƙi mai yaji ya cika wurin, mai sayar da rake ya ja baronsa ya koma nesa yana tari. Halliru yana share hawaye da hannun riga ya ce wannan shi ne warin ƙarfi.

Ya koma gida ya yi wanka, ya sa farar shadda, ya fesa turare, wanda bai kai ƙofar gida ba hayaƙin ya cinye shi. Bayan la'asar ya kama hanya. Rahinatu tana gidanta ta ji wani ruri ya ratsa unguwa, aka ce mata motar ƙanenta ce. Ta kira shi a waya, ta sake kira, ta sake. Wayar tana aljihunsa tana ringi, ba ya ji.

'Yan acaɓan bayan tasha kuwa da ma jira suke. Yana wucewa suka bi shi, su ga ƙarshen abin. A hanya wasu suka ga ana bin jar mota mai ruri, su ma suka bi, ba su san dalili ba. Halliru ya hango su a madubi, ya ji daɗi, ya ƙara taka mai. Ko kusa bai tuna an ce ya zo shi kaɗai ba, domin a lissafinsa shi kaɗai ne a cikin motar.

A Kausani, lokacin kaka ne, mutane suna bakin gari ana ɗaurin gero. Malam Ɗantani yana zaune a kan tabarma a ƙofar gida da carbinsa, kamar yadda ya saba, ba abin da zai nuna yana jiran baƙo. A ciki Khaulat ta gama shiri tun bayan azahar. Ta ɗaure jakarta, ta yi wa Radiyya kitso, ta sa mata rigar da ubanta ya saya mata da salla. Mahaifiyarta ta jingine sandar nan a bango, tana cewa yau dai za ta huta da ɗingishin ƙarya.

Suna nan suka fara jin ƙarar daga nesa. Da farko an ɗauka babbar mota ce ta kwaso taki. Ƙarar ta yi ta matsowa, masu ɗaurin gero suka miƙe, awaki suka tsinke igiya, wani jaki da aka ɗora wa dami ya watsar da shi ya yi gona. Mata suka leƙo ta kan katanga. Jar motar ta shigo layin da babura a bayanta suna hon, yara suna gudu a gefe, ta tsaya a ƙofar gidan Malam Ɗantani. Kafin ya kashe ta, Halliru ya taka mai ya saki, ya sake takawa, don wanda bai ji ba ya ji.

Layin ya cika. Wani dattijo ya tambayi ɗaya daga cikin 'yan acaɓan ko ɗan siyasa ne ya zo. Ɗan acaɓan, da yake kunnensa ya toshe, ya amsa da ƙarfi cewa a'a, Alhaji Halliru ne ya zo bikon matarsa da ta yi yaji. Wata tsohuwa daga kan katanga ta ce ashe yaji ne, su da aka ce musu ƙafa ce. Wani ɗan acaɓan, don kada a bar shi a baya, ya ƙara da abin da ya jawo yajin. Cikin ɗan lokaci abin da Malam Ɗantani ya yi ta lulluɓewa ya zagaye layin ya dawo.

Malam Ɗantani ya miƙe a hankali. Idanunsa sun yi ja, ko hayaƙi ne ko wani abu. Ya karɓi gaisuwar Halliru yadda ya kamata, ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa, ya tambayi su Rahinatu, ya yi wa marigayi addu'a, bai rage komai ba. Sannan ya ce su shiga zaure. Halliru ya shiga yana waige, yana duba ko mutane na kallon motar. Suna kallonta.

A zaure ya durƙusa ya fara jawabin da ya shirya. Malam Ɗantani ya ɗaga hannu ya ce ba shi za a ba haƙuri ba, ya aika a kira Khaulat. Ta zo ta tsaya a bayan asabarin da ke ƙofar shiga gida, ba ta ɗaga shi ba. Radiyya tana bayanta tana kuka tun da ƙarar ta firgita ta.

"Abban Radiyya, me ka yi wa motar Baba?"

"Gyara ta na yi. Saboda ke. Wani abu ne ya shaƙe ta tun zamanin Baba, aka cire. Ai kin ji ta tun daga nesa ko?"

"Na ji ta. Kowa ma ya ji ta."

Ya ce to ai shi ke nan, yanzu duk Kausani an san ba a wulaƙance aka zo ɗaukarta ba.

Daga waje ana jin surutun mutane, da wani yana kwaikwayon kukan motar da baki.

"Yaya Rahinatu ba ta faɗa maka abin da na roƙa ba?"

"Ta faɗa. Na zo bayan la'asar, na zo a motar."

"Ban ce ka daina fita ba. Ban ce ka saya mini komai ba. Yini ɗaya na ce ka riƙe magana. Ga jakata can tun azahar na ɗaure ta. Yanzu in na fita ta ƙofar nan, da wane ido zan kalli matan da ke kan katanga? Da wane ido Babana zai shiga masallaci anjima?"

Halliru ya ce in ƙarar ce ba ta so, ƙaramin abu ne, gobe da safe zai sa a mayar da abin yadda yake. Ta ce ya mayar, motarsa ce. Asabarin ya ɗan motsa, suka ji takunta tana komawa ciki. Can aka ji mahaifiyarta tana tambaya, ita kuma tana cewa a miƙo mata jakar ta kwance.

Halliru ya juyo wajen surukinsa, yana jiran ya ce a sake kiranta. Malam Ɗantani ya ce magariba ta gabato, gara ya kama hanya. Sai dai yana da roƙo ɗaya. Kada ya tayar da motar a ƙofar gidan, yarinya ba ta daina kuka ba, kuma akwai marasa lafiya na gaske a layin. Ya fita ya kira samari, ya ce su taimaka wa ɗan amininsa.

Haka Halliru ya shiga ya riƙe sitiyari da farar shaddarsa, samari suna tura shi, yara suna biye, mata suna kallo, har bakin gari. Motar ta bi layin shiru kamar zamanin marigayi, ba a jin komai sai tayoyi a kan ƙasa da dariyar da ake ƙoƙarin dannewa. A bakin kwalta suka sake ta. Ya tayar, rurin ya sanar da garin cewa ya tafi, kuma kowa ya ga kujerar gefensa ba kowa.

Da safe ya koma wurin Gwadabe ya ce a mayar da abin. Gwadabe ya leƙa ƙarƙashin benci kamar mai nema da gaske, sannan ya ce kash, ai jiya bayan tafiyarsa aka share wurin. Ya ce kuma irin na wannan motar ko a Kano ba a samu, an daina yin sa tun kafin a haifi wasu. Amma kada magajin Alhaji ya damu, akwai dabara. Ya sayo soson ƙarfe na wanke tukunya, ya cusa a bututun, ya ɗaure da waya. Motar ta yi laushi har zuwa gada. A tsakiyar gadar soson ya harbo waje da wuta a jikinsa, ya faɗa kogi, rurin ya dawo.

Rahinatu ta cika maganarta. Da ya je gidanta ta karɓi gaisuwarsa, ta ba shi ruwa, da ya ɗauko zancen Kausani ta tashi ta shiga kicin. A can Kausani kuma mahaifiyar Khaulat ba ta sake ɗaukar sanda ba. In aka tambayi Malam Ɗantani, yakan ce Khaulat tana gida, ba ya ƙara komai. An ce ta fara koyar da 'yan mata ɗinki a zauren, ta kuma aiko an kwaso mata kekenta da sauran tufafinta.

Jar motar yanzu tana gefen shago an lulluɓe ta da tamfol, maƙwabta sun roƙa kada a riƙa tayar da ita da safe. Halliru yana nan a kan bencinsa. Duk wanda ya zo sayen batir yakan nuna masa ita, ya ce saboda mace ya lalata motar da babu irinta a jihar nan, amma ba ta gode ba. Yakan ba da labarin tun daga farko, ba ya tsallake komai. Maganar da Khaulat ta yi a bayan asabari, wadda mutum uku kaɗai suka ji, kafin Juma'a ta zagayo masu sayar da shanu suna maimaita ta a kara.